Roba, Auduga da Ciyawar Kango: Tarihin Tsirrai a Adabin Bangi

A watan Mayun 1925 aka buga wani ƙagaggen labari a Landan mai suna Mrs Dalloway, na Virginia Woolf. Labarin yini guda ne a rayuwar matar wani ɗan majalisa, kuma ya soma ne da fitarta da safe zuwa kantin furanni saboda liyafar da za ta yi da dare. A cikin shekarar dai André Gide ya kammala Les Faux-monnayeurs, labarin samarin Paris da ke haɗuwa suna musu a lambun Luxembourg. Yana gama shi ya hau jirgin ruwa a watan Yuli ya nufi Kwango. Kafin shekara ta ƙare ya iso Bangi, daga nan ya shiga kurmin da ke kudu maso yammacin garin, inda ya tarar ana kashe mutane saboda ruwan jikin itace.

Manazarta adabi na wannan zamani, masu karanta littafi ta fuskar muhalli, sun daɗe suna komawa kan labaran birni na farkon ƙarni na 20 suna tambayar abin da fure da bishiya ke yi a cikinsu. Suna nuna cewa bishiyoyin Regent's Park da tsohon sojan nan Septimus ke ji kamar suna da rai ba ado ba ne a littafin Woolf, haka ma shayin Silon da gonakin lemo da ke yawo a kan Leopold Bloom cikin Ulysses na James Joyce, na 1922. Tambayar tana da kyau. Amma idan aka ɗauke ta daga Landan da Dublin aka kai ta Bangi, aka tsaya da ita a unguwar Kilomita Biyar, wadda jaridu ke rubutawa PK5, amsar takan fito da wata kama, domin a can tsiro ya shiga rubutu ne ta ƙofar haraji.

Abin ya faro daga taya. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska, kafin shekara goma kuma keke da mota suka jefa Turai cikin yunwar roba. A watan Yunin 1889 Faransawa suka kafa ɗan sansani a gaɓar Kogin Ubangi, daidai inda duwatsu ke tare wa jiragen tururi hanya. Shi ne Bangi. A 1899 gwamnati a Paris ta yanka ƙasar Kwangon Faransa ta raba wa kamfanoni kusan 40, kowanne da yankinsa na shekara 30, duk abin da ƙasa ta fitar nasa ne, gwamnati ta karɓi haya da kashi 15 cikin ɗari na riba. Abin da ƙasar ke fitarwa mai kuɗi kuwa biyu ne, hauren giwa da roba. Robar ba ta gona ba ce. Daga wata doguwar bishiyar kurmi da masana ke kira Funtumia ake tatsarta, da kuma kurangar Landolphia, dangin kurangar nan da Hausawa ke kira ciwo. Mutum sai ya yi makonni a kurmi yana tsagawa yana tarawa, ya dunƙule ya kawo kantin kamfani a auna, a biya shi abin da aka ga dama, ya juya ya biya haraji da shi. Garin da bai cika awo ba sai a kwashe matansa a tsare har mazan su kawo. A 1904 an kulle mata 58 da yara 10 a wani ɗaki marar taga a Bangi, fiye da 40 suka mutu a ciki. Pierre Savorgnan de Brazza ya zo bincike a 1905, ya rasu a Dakar kan hanyar komawa, rahoton da aka haɗa daga takardunsa kuma aka danne shi, bai fito bainar jama'a ba sai 2014.

A tsakanin waɗannan shekaru masanin tsirrai Auguste Chevalier ya ratsa ƙasar daga 1902 zuwa 1904, daga Bangi har Ndele da Tafkin Cadi, yana busar da ganye yana rubuta sunaye. Aikinsa na ilimi ne na gaske, amma wanda ya aiko shi yana son sanin abin da za a iya sayarwa ne. Akwai kuma wani abu da ya faru can nesa wanda ya ƙara wa mutanen kurmi wahala. Tun 1876 wani Bature ɗan Ingila, Henry Wickham, ya kwaso irin bishiyar roba kusan 70,000 daga Brazil ya kai lambun Kew na Landan, daga can aka kai dashe Silon da Malaya. Da gonakin suka fara ba da amfani kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, farashin robar daji ya faɗi. Kamfanonin Ubangi ba su da wata dabara sai ƙara matsa wa mai tatsa. Wannan lambu na Kew shi ne Woolf ta rubuta gajeren labarinta a kansa a 1919, inda mutane ke gilmawa ta gefen kwamin furanni, dodon koɗi yana jan jiki a ƙarƙashin ganye.

Wanda ya fara shigar da ƙasar Ubangi-Shari, wadda Bangi ke cikinta, cikin ƙagaggen labarin da duniya ta karanta baƙar fata ne, amma ba ɗan ƙasar ba. René Maran, haifaffen 1887, iyayensa mutanen Guyana ta Faransa, ya yi karatu a Bordeaux, ya zo Ubangi wajen 1910 a matsayin ƙaramin jami'in mulki. A 1921 ya fitar da Batouala, labarin wani hakimin ƙabilar Banda a yankin Grimari, a Disambar shekarar kuma littafin ya ci kyautar Goncourt, karo na farko da baƙar fata ya samu. Gabatarwar ce ta ta da ƙura. A cikinta ya ce yankin da yake magana a kai ƙasa ce mai yawan jama'a da gonaki da kaji da awaki, shekara bakwai na aikin roba suka isa su rusa ta. An zage shi a jaridu da majalisa, bayan 'yan shekaru ya ajiye aikin gwamnati ya koma Paris.

Cikin labarin kansa kuwa, daji ba shimfiɗa ba ne da aka ɗora mutane a kai. Rana da wata da guguwar damina duk suna da sunayensu na Banda, suna shiga suna fita kamar maƙwabta. Karen Batouala, Djouma, yana da nasa ra'ayi game da mutane. Ƙarshen labarin yana zuwa ne a lokacin farautar rani, sa'ad da ake cinna wa ciyawa wuta namun daji su fito, a nan damisa ta farke wa Batouala ciki yana ƙoƙarin jifan abokin kishinsa da mashi. Ernest Hemingway, yana ɗan jarida matashi a Paris, ya yaba littafin a wata jaridar Toronto a 1922 saboda yadda yake sa mai karatu ya ji ƙanshi da warin ƙauyen. Maran ya ci gaba a wannan hanya har ƙarshen rayuwarsa a 1960: Djouma, chien de brousse a 1927, Le Livre de la brousse a 1934, sai labarin giwa Mbala da na gwaggon biri Bacouya, inda dabbobi ke duban ɓarnar ɗan Adam da idonsu. Ba shi da tsarki daga cutar zamaninsa, domin wani lokaci yakan zana mutanen Banda yadda mai karatu na Paris ke son ganinsu. Duk da haka shi ya kafa tsarin da aka daɗe ana bi a wannan ƙasa: gaskiya tana daji, gari wurin kwamanda ne da ɗan sandansa.

Gide ya zo ne da ragar kama malam-buɗe-littafi. Mutum ne mai son tsirrai tun yana yaro, har a littafin Paris ɗin da ya baro akwai wani matashin likita, Vincent, da ke yi wa abokan cin abincinsa dogon bayani kan tohon bishiya da kifayen teku, daga baya ya ƙare a Afirka hankalinsa a gushe. Shafukan farko na Voyage au Congo, wanda ya fito a 1927, cike suke da furanni da ƙwari da ƙorafin rashin sanin sunayensu. A yankin Boda da Bambio abin ya juya. An ba shi labarin masu tatsar roba goma da ba su kawo nasu kason ba, aka ɗora musu gungumen katako aka sa su zagaya kantin kamfani cikin rana, wanda ya faɗi a tashe shi da bulala, har ɗaya ya mutu. Kamfanin shi ne Compagnie Forestière Sangha-Oubangui, wanda aka kafa a 1910 ta hanyar haɗe ƙananan kamfanoni. Gide ya rubuta wa gwamna wasiƙa, da ya koma gida a 1926 kuma ya kai maganar jaridu, har majalisar dokokin Faransa ta yi muhawara a kai a 1927. Ministan mulkin mallaka ya yi alkawarin ba za a sabunta yarjejeniyoyin ba, amma Forestière ta ci gaba da riƙe roba har tsakiyar shekarun 1930. Gide bai taɓa cewa mulkin mallakar ne ciwon ba, kamfani kawai ya zarga. Yana rubuta waɗannan abubuwa ne a tafiyar da mutane da dama ke ɗauke da kayansa a ka.

Wani tsohon ma'aikacin wannan kamfani ya fi shi zurfin gani, ko da yake ya fi shi mugun hali nesa ba kusa ba. Louis Destouches ya yi wa Forestière aiki a kudancin Kamaru a 1916 da 1917, daga baya ya zama marubucin da aka sani da Céline, ya fitar da Voyage au bout de la nuit a 1932. A ciki akwai wurin da wani magidanci da iyalinsa suka kawo robar da suka daɗe suna tarawa, ɗan kantin ya auna, ya karɓe 'yan kuɗin da ya ba su, ya sallame su da koren hankici. Bayan wasu babuka sai ga mai ba da labarin a masana'antar motoci ta Ford a Detroit. A ganina babu wani littafin birni na wancan zamani da ya ɗinke kurmi da titin kwalta kamar wannan, kuma masu neman tsiro a adabin birni da nan ya kamata su fara, kafin kantin furanni.

Da roba ta fara ja da baya sai auduga ta gaje ta. Tun tsakiyar shekarun 1920 aka tilasta noman ta, Félix Éboué yana cikin jami'an da suka tura shi, kowane gari da gonar kwamanda. Mazan da ba su gonar auduga suna kan hanyar mota ko an kwashe su aikin dogon Kwango zuwa teku, wanda aka gina daga 1921 zuwa 1934. Rogo ya ƙara yaɗuwa a lokacin saboda ba ya neman hannu da yawa kuma yana jira a ƙasa, har ya zama abincin ƙasa. A 1928 mutanen Gbaya na yamma suka tashi ƙarƙashin wani mai duba da ake kira Karnu, mabiyansa suna riƙe da gajeriyar sanda mai siffar ƙotar fartanya a matsayin kariya. An kashe shi a Disambar shekarar, yaƙin bai mutu ba sai 1931. Cikin waɗanda aka fara far wa akwai makiyaya Fulani tsakanin Babuwa da Buwar, da wani ayarin fatake Hausawa.

Wannan ya kawo mu kan mutanenmu. Fatake Hausawa da Barebari sun riga Faransawa shiga yammacin ƙasar, ta Adamawa suka bi, daga Ngaundare zuwa kasuwar Kunde, suna neman hauren giwa da goro, suna kawo tufafi da kanwa da dutsen ado. Da kasuwar roba ta buɗe sun saya sun sayar, ba za a ce hannunsu bai taɓa ta ba. Da mulkin mallaka ya zauna sai suka bi hanyoyin mota zuwa garuruwa, har Bangi. Birnin da suka tarar an tsara shi gida biyu. A bakin kogi, gindin tudu, akwai unguwar Turawa da titunanta masu layin mangwaro. Unguwannin baƙar fata kuwa an tura su nesa, da fili a tsakani. Nisan da ake aunawa daga tsakiyar gari shi ya ba wurare suna, inda aka cika kilomita biyar kan hanyar da yau ke ɗauke da sunan Boganda nan kasuwa ta kafu, ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu har ta fi ta cikin gari. Hausawa, Fulani, Barebari, Larabawan Cadi, mutanen Senegal da Mali da Kamaru suka zauna tare da 'yan ƙasa Kirista da Musulmi. A nan babban masallaci yake, kan titin Koudoukou, mai sunan wani hafsan soja ɗan ƙasar da ya rasu a 1942 bayan yaƙin Bir Hakeim.

Wanda ya san kasuwa ya san Kilomita Biyar ba ta rabu da tsiro ba ko na yini guda, sai dai tsiron nata a buhu yake zuwa ko a ɗaure. Bangi tana zaune ne daidai inda kurmi ya haɗu da ƙasar ciyawa. Daga Lobaye ake kawo ganyen koko, wanda ake yankawa siri-siri a yi miya, da manja, da katako, da tsutsar itace da ake kira makongo idan damina ta yi tsakiya. Daga arewa albasa da gyaɗa da riɗi da shanu. Daga Duwala, ta Garwa-Bulai da Buwar, manyan motoci ke sauke shinkafa da fulawa da sukari. Garin rogo na tuwon gozo, ganyen rogo na miyar ngunza, itacen girki da gawayin da kusan kowane gida ke dafa abinci da su, goron da ake yayyafa wa ruwa a ganye, saiwoyi da sassaƙe a gaban masu maganin gargajiya. Duk abin da Maran ya bayyana yana tsaye da ransa a daji, a nan ake yi masa kuɗi.

Siyasar ƙasar ma daga ƙarƙashin bishiyar roba ta fito. Barthélemy Boganda, ɗan Bobangi a Lobaye, maraya ne da masu tarihinsa suka ce dogaran kamfani ne suka kashe mahaifiyarsa da duka a kan roba. Ya zama limamin Katolika na farko ɗan ƙasar a 1938, ya shiga majalisar Faransa a 1946, shekarar da dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 29 ga Maris 1959, kafin 'yancin kai na 13 ga Agustan 1960. Jean-Bedel Bokassa ma ɗan Bobangi ne, an kashe mahaifinsa da duka a Mbaiki a 1927 saboda ya bijire wa kamfani. Shekara 50 bayan haka, ranar 4 ga Disambar 1977, ɗan ya naɗa kansa sarkin sarakuna a Bangi, har furannin bikin a jirgin sama aka kawo daga Turai.

Marubutan ƙasar na farko sun gaji hanyar Maran fiye da yadda ake zato. Pierre Makombo Bamboté ya fitar da Princesse Mandapu a 1972, da salo mai tsalle-tsalle da gutsuttsuran jimloli wanda ya fi kowane kusa da sabon salon Turai, labarin wata yarinya da ta faɗa tsakanin wani mai iko da wani attajirin ɗan kasuwa a ƙaramin gari. Wanda ya fi shahara shi ne Étienne Goyémidé, ɗan Ippy, malamin makaranta da ya kai ga zama ministan ilimi. A Le Silence de la forêt, na 1984, wani sufeton makarantu mai suna Gonaba ya gaji da ƙarya da cin hancin manyan gari, ya tuɓe kwat ya shiga kurmi ya zauna da mutanen Babinga, waɗanda 'yan birni ke ɗauka ba cikakkun mutane ba ne. Ya je da niyyar koyarwa, ya ƙare shi ake koya wa. Littafin ya zama fim a 2003 a hannun Didier Ouénangaré da Bassek ba Kobhio, da kiɗan Manu Dibango, aka nuna shi a Cannes, shi ne dogon fim na farko na ƙasar.

Littafinsa na biyu, Le Dernier Survivant de la caravane, na 1985, ya fi nauyi ga mai karatu Musulmi. Labarin wani ƙauyen Banda ne da mahara daga arewa suka kwashe suka kora cikin ƙangi. Ba ƙage ba ne daga tushe: Sarkin Dar al-Kuti, Muhammad al-Sanusi na Ndele, ya yi shekaru yana kame mutanen gabas da tsakiyar ƙasar kafin Faransawa su kashe shi a 1911, kafin shi ma Rabe ya bi ta nan. Goyémidé yana da haƙƙin rubuta abin da ya sami kakanninsa. Amma idan aka jera waɗannan littattafai aka duba, za a ga wani abu da ba wanda ya shirya shi. Ɗan ƙasa shi ne wanda ya san sunan bishiya, wanda kurmi ko ciyawa ta ɓoye shi ranar gudu. Musulmi kuwa yana shigowa ne daga waje, ko a kan doki ko a bayan kanta. Wanda aka haifa a Kilomita Biyar, uwarsa 'yar Banda ko Mandja, ubansa jikan fatake, Sango ne harshen da yake mafarki da shi, ba shi da gurbi a wannan hoto. Littafi bai kashe kowa ba, amma ya nuna irin tunanin da ke kwance.

A daidai wannan lokaci ne hanyar nazarin da muka fara da ita take tasowa a Amurka. William Rueckert ya raɗa mata suna a 1978, aka kafa ƙungiyarta a 1992, Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka tattara maƙalunta a 1996. Da farko daji da tsauni marasa mutane take so, birni bai dame ta ba. Masu nazarin ƙasashen da aka mallaka ne suka karkato da ita. Rob Nixon a 2011 ya yi magana kan cutar da ke cin talaka a hankali ba tare da ƙarar bindiga ba, Byron Caminero-Santangelo a 2014 da ɗan Nijeriya Cajetan Iheka a 2018 suka karanta adabin Afirka da wannan ido. Yawancin misalansu daga yankin Neja Delta da Kenya da Afirka ta Kudu suke, wato inda aka rubuta da Ingilishi. Ko a gida ba mu rasa abin dubawa ba: Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo labarin barin gona ne zuwa birni, kuma unguwanni da dama a Kano da Zariya sunan bishiya suke amsawa.

Kafin manazarta su waiwayi Bangi, tarihi ya riga su. Ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka, galibinsu Musulmi, suka kama birnin, Michel Djotodia ya hau mulki, aka yi watanni ana kwasar ganima da kisa. Ranar 5 ga Disamba abokan gabarsu, mayaƙan anti-balaka, suka afka wa birnin, fansa ta faɗa kan duk wani Musulmi. Da Djotodia ya sauka a Janairun 2014 sai ayarin manyan motoci suka riƙa kwashe mutane zuwa Cadi da Kamaru. Daga Musulmi fiye da 100,000 da ke Bangi, waɗanda suka rage a Kilomita Biyar sun koma kimanin 15,000, a kewaye, fita ɗaya na iya zama ajali. Jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce a 2015 an rusa masallatai 417 daga cikin 436 na ƙasar. Kiristocin unguwannin da ke zagaye su ma sun gudu daga hare-haren 'yan bindigar cikin unguwar, kusan mutum 100,000 suka tare a filin jirgin sama na M'Poko.

Tsakanin ɓangarorin biyu sai aka sami zobe na gidajen da ba kowa, an kwashe kwanon rufi da ƙofofi, ruwan sama ya ci bulon ƙasa. Ƙasar Bangi ba ta jira. Damina biyu suka isa ciyawa ta rufe lunguna, ƙananan itatuwa suka fito a tsakar ɗaki, mangwaro da gwanda na gidajen suka ci gaba da 'ya'ya ba mai tsinka. Filin da Turawa suka bari da gangan tsakaninsu da baƙar fata ya dawo, wannan karo tsakanin maƙwabta. Maƙabartar Musulmi tana Boeing, unguwar masu lambun da ke ciyar da birnin da ganye, kuma hanyar zuwa can ta toshe, har mutane suka riƙa binne mamatansu a cikin gida. Kurmin ma bai tsira ba. Ƙungiyar Global Witness ta ba da rahoto a 2015 cewa kamfanonin katako sun biya 'yan Seleka fiye da Yuro miliyan 3 a 2013 don gungumensu su ci gaba da fita, wato kusan shekara 90 bayan Gide itacen Lobaye bai daina ciyar da masu bindiga ba.

Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin ranar 30 ga Nuwambar 2015, Imam Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, samarin unguwar suka raka shi a kan babura har filin wasa. A Fabrairun 2016 shugabannin Boeing da na Kilomita Biyar suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, aka buɗe hanyar maƙabarta, aikin farko da aka yi tare shi ne sheme ciyawar da ta rufe ta. Masu komawa gida daga sansanin M'Poko, wanda aka rufe a farkon 2017, su ma da adda suka fara kafin bulo. Fitina ba ta ƙare nan ba, domin a Afrilun 2018 an gwabza da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a unguwar, a Disambar 2019 kuma 'yan kasuwa suka tashi kan 'yan bindigar da ke karɓar musu kuɗin dole, mutane da dama suka mutu, shaguna suka ƙone.

A waɗannan shekaru ne adabin ƙasar ya juyo ya fuskanci birni sosai. Didier Kassaï ya zana abin da ya gani a Tempête sur Bangui, littafin zane da ya fito a 2015, titi bayan titi, shinge bayan shinge. Adrienne Yabouza, wadda ta yi shekaru tana gyaran gashi a Bangi kafin yaƙi ya kore ta, ta fitar da Co-épouses et co-veuves a shekarar, labarin kishiyoyi biyu da miji ya mutu ya bari, dangi suka taso za su ƙwace gida. An fassara shi zuwa Ingilishi a 2021, shekarar da Batouala ya cika 100. A 2020 kuma Elvis Sabin Ngaïbino ya fitar da fim ɗin Makongo, wanda ya juya tafiyar Gonaba baya. Samari biyu 'yan ƙabilar Aka ta cikin kurmi, André da Albert, suna son buɗe wa yaran sansaninsu hanyar makaranta, ba su da jari sai tsutsar da ke faɗowa daga manyan bishiyoyin da kamfanonin katako ke sara. Suka tara, suka ƙyafe, suka ɗauko zuwa kasuwar Bangi, inda masu saye suka yi ta karya musu farashi. Kuɗin da suka samu bai isa kowa ba, sai da aka zaɓi yaran da za a rubuta.